Sake hura wutar gidan abincin Inna: littafin aiki

20 ga Yuni, 2021

Ranar 17 ga watan nan gwamnatin Nijar ta buɗe iyakokin ƙasa, bayan wata goma sha biyar suna garƙame saboda korona. Washegari Inna ta tara mu, ni da Yaya da Gwaggo, ta ce lokaci ya yi da za a sake hura wuta a gidan abincinta. Ni aka ɗora wa biro da littafi, don haka duk abin da aka yi zan riƙa rubutawa a nan, ko zai amfani wani mai irin wannan sana'a.

Rumfar Inna tana garin Maradi, daf da inda motocin Ɗan Isa da Jibiya ke lodi. Kafin al'amura su lalace, tiya goma sha biyu ta shinkafa take ɗorawa a rana, ban da tuwon masara da dambun zogale, kuma mutum shida ke aiki a ƙarƙashinta. Direbobi da ƴan kamasho da ƴan dako da fatake masu zuwa Katsina da Kano, su ne masu cin abincin.

Babu wanda ya zo da takarda ya ce ta rufe. Ciniki ne ya mutu a hankali. Tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta don hana shigar da shinkafa, lodi ya ragu, amma ana lallaɓawa. Sai ga 19 ga Maris na 2020, aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. A cikin ƴan kwanakin nan aka rufe filayen jirgi da iyakoki da makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50, sannan aka killace Yamai, manyan motocin da ke ratsowa ta nan zuwa Damagaram suka tsaya. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suka koma garuruwansu. Biki da suna suka zama na ƴan gida kawai. Tarukan bita na ƙungiyoyi, waɗanda ake ba mata kwangilar dafa abincinsu, duk aka soke. Masallatai ma sai 13 ga Mayu aka buɗe su.

A Maradi cutar ba ta kwantar da mutane kamar yadda muke ji a rediyo daga Italiya da Amurka ba, alhamdulillahi. Amma mai abincin tasha da ƙafar mutane yake rayuwa, ƙafar kuwa ta ɗauke. Inna ta daure har bayan ƙaramar Salla, tana dafawa ana kwana da shi, da ta ga uwar kuɗi na zurarewa sai ta sauke tukwane.

Na faɗa mata abin da ke damuna: a Disamban bara Najeriya ta buɗe Illela da Maigatari da wasu ƙofofi biyu a kudu, amma Jibiya, wadda ita ce tamu, har yanzu shiru. Ta ce, "Ɗan nan, in muka jira Jibiya, yunwa za ta riga ta zuwa. A fara da kaɗan."

4 ga Yuli

Mun buɗe rumfar mun duba. Kwanon rufi ya ɓule a wuri uku, gara ta cinye ginshiƙai biyu, bencina sun tafi, ba mu san wa ya kwashe ba. Cikin manyan tukwane uku, biyu Inna ta sayar bara aka sayi hatsi. Kuɗin haya ya taru. Muka je wurin Alhaji mai wurin, Inna ta durƙusa ta gaishe shi ta yi bayani. Ya ce, "Hajiya, ni ma shagunana rabi a rufe suke. Ba zan tashe ki ba. Kawo rabi, sauran idan ciniki ya tashi." Allah ya saka masa.

Kafin mu kashe ko dala, na zaga wurin masu sana'ar, daga bakin babbar kasuwa zuwa unguwannin Sabon Gari da Zariya, don in ga wa ya tsira, wa ya faɗi. Abin da na gani ya sauya mana shiri. Mai ƙosai da mai awara da mai waina a ƙofar gida, yawancinsu suna nan. Ba su biyan haya, ba su da ma'aikata sai ƴaƴansu, kuma in ciniki ya ragu sai su rage ƙullu. Masu shayi ma sun ji jiki amma ba su tashi ba. Waɗanda suka faɗi su ne na tsakiya irin Inna: ga haya, ga albashin ma'aikata, ga firji mai shan wuta, ga tukunyar da ba ta biyan kanta sai an sayar da faranti masu yawa. Na sama kuwa, gidajen abincin otal-otal, tarukan bita ne abincinsu, kuma wani mai dafa abinci a ɗaya daga ciki ya ce mini an daɗe ana biyan su rabin albashi.

Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na watan Afrilu da Mayu na 2020. Ya taimaka a gida, ba na musu. Sai dai bai biya haya ba, bai mayar da tukunyar da aka sayar ba.

Shawarar da muka yanke: ba za mu koma da girman da muke da shi da ba. Tukunya ɗaya, ma'aikata biyu, firji ya zauna a gida.

25 ga Yuli

Maganar jari. A bara an sanar da rancen sefa biliyan 150 ta hannun bankuna don kamfanonin da annobar ta taɓa. Na shiga wani banki na tambaya ko irinmu na da rabo. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya lissafo abin da ake buƙata: rajistar kasuwanci, lambar haraji, lissafin shekarun baya a rubuce, da abin jingina. Inna ta shekara fiye da ashirin tana ciyar da tasha, kullum tana biyan tikitin ma'aikatar magajin gari, amma ko ɗaya daga cikin takardun nan ba ta da shi. Haka kusan duk matan da na zaga wurinsu. Wannan abu yana ci mini rai. Sana'ar da ta fi kowace ɗaukar mata aiki a garin nan, ita ce tallafin bai san hanyar gidanta ba.

Inda kuɗin ya fito shi ne asusun matan unguwa. Wannan tsari na Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, mai buƙata ta ɗauka ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a raba. Shi ma ya sha wahala bara, domin an hana taro, kuma kowace mace tana neman rance a lokaci guda, babu mai zubawa. Bana ya fara farfaɗowa. Sun ba Inna jika saba'in, wato sefa 70,000, Yaya ya sayar da tunkiya ya ƙara, ni ma na sa abin da ya sawwaƙa. A ganina duk mai son ya tallafi masu abinci, ta wannan akwati ya kamata ya bi, domin matan sun san wadda ke dafawa da gaske da wadda za ta mayar.

Babbar Salla ta wuce. Shekara biyu ke nan babu alhazai daga waje saboda Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji, ke nan babu walimar tarbar alhazai, wadda da Inna ke samun kwangila mai kyau a cikinta.

15 ga Agusta

An gama rufi da ginshiƙai, kafinta ya kawo benci biyu. Da mun buɗe a makon nan, amma kwalara ta ɓulla, kuma jiharmu na cikin inda ta fi tsanani. Mun ɗage.

Na lura da wani abu. Bara da ake cewa a wanke hannu saboda korona, da yawa sun ɗauke shi maganar Turawa, har bokitan nan masu famfo da aka jera a ƙofar shaguna suka bushe. Amai da gudawa kuwa kowa ya san shi, kowa ya ga wanda ya kwashe cikin yini ɗaya, don haka babu mai gardama. Mun fito da bokitinmu na bara mun gyara famfonsa. Tsarinmu: an daina kwanon wanke hannu guda ɗaya da kowa ke tsomawa, sai ruwa mai zuba da sabulu. Ruwan wanke kwanuka na ƙarshe a ɗiga masa jabel, ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan sha daga famfo, a randa mai murfi, da moɗa mai dogon hannu. Salak da ɗanyen tumatir an dakatar, sai abin da ya fito daga wuta da zafinsa. Gwaggo ta ce sabulu zai ci riba. Na ce mata mutum ɗaya ya kwanta a ce a wurinmu ya ci, rumfar ce za ta tafi gaba ɗaya. Ta yarda.

6 ga Satumba

Yau Litinin, ranar kasuwa, mun buɗe.

Inna ta isa bayan sallar asuba. Ta share murhu da hannunta, ta jera itace, ta yi bisimilla ta kunna. Tiya uku ta auna, ta tsaya tana kallon kwanon, sai ta ɗebe rabin tiya ta mayar buhu. Wake ya riga ya jiƙa tun dare. Wajen hantsi ƙamshin soyayyar albasa da man gyaɗa ya kai bakin titi, wani tsohon direba da ya saba ci a wurinta ya leƙo, ya tsaya riƙe da labule, ya ce, "Hajiya, ashe kina nan da rai! Mun ɗauka kin bar mu ke nan." Ta ce, "Malam, ina zan je? Zauna, ga tuwo ga shinkafa." Ya wanke hannu a famfon ba tare da an ce masa ba, ya ci shinkafa da wake na sefa 250, ya nemi ƙari, ya fita yana kiran abokansa. Kafin la'asar tukunya ta ƙare.

Cikin ma'aikata shida na da, biyu ne suka dawo. Ƴan mata biyu an aurar da su bara, ɗaya ma ba ta kai yadda uwarta ta so ba, amma gida babu abin ci. Wata ta koma ƙauye wajen Gidan Rumji. Yaron da ke ɗebo ruwa da faskare yana wurin haƙar zinariya. Idan ana lissafin asarar wannan sana'a, tukwane da haya ake ƙirgawa, su waɗannan ba a sa su.

17 ga Oktoba

Mun kai tiya biyar. Mafi yawan ƙarin daga masu zuwa haƙar zinariya ne, wadda aka gano bana a wajen Ɗan Isa. Motoci na tashi cike da samari da diga da shebur, su ci kafin su tafi, su ƙulla wani a leda. Ciniki ne, muna godiya, amma ban saki jiki da shi ba.

Abin da na fi sa rai a kansa shi ne kai abinci. Tun lokacin kulle wasu ma'aikatan ofis suka saba a aiko musu, kuma ba su daina ba. Na buɗe rukuni a WhatsApp, da safe in sa abin da aka dafa, su yi oda kafin ƙarfe sha ɗaya, wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ya kai musu a kuloli. Sauƙinsa shi ne kafin a auna shinkafa mun san faranti nawa aka riga aka saya, ba a dafa na kwantai. Wahalarsa kuɗin mai da robobin zubawa, da masu cewa sai ƙarshen wata. Makarantu sun koma, ɗalibai ma sun fara aikowa.

Ni da Yaya mun yi rigakafin korona, wanda aka fara a ƙasar nan tun 29 ga Maris. Inna ta ce sai ta ga yadda muka kwana. Ta ga lafiyarmu lau, ta je ta yi.

14 ga Nuwamba

Ranar 7 ga wata rami ya rufta a wurin zinariyar Garin Liman, mutum aƙalla 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yaronmu yana raye, ya dawo, Inna ta mayar da shi kan aikinsa ko da yake lissafi bai ba da haka ba. Wasu daga cikin samarin nan a bencinmu suka ci abinci. Lodi ya ragu, mun koma tiya huɗu.

12 ga Disamba

Daminar bana ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da dama. Yanzu kaka ce, lokacin da hatsi ya kamata ya faɗi, amma gero da masara da wake ba su sauko yadda aka saba ba. Wannan ya taɓa mu ta fuska biyu: kayan dafawa sun yi tsada, mai ci kuma aljihunsa ya yi sauƙi, domin ɗan ƙauyen da ke shigowa kasuwa ba shi da rarar da zai sayar.

Mun yi doguwar muhawara kan farashi. Yaya ya ce a mayar da faranti sefa 300. Inna ta ƙi. Ta ce ɗan dako da dala hamsin, wato sefa 250, yake shigowa a tafin hannunsa, in ka ce sittin zai koma ya sha gari da ƙuli. Gwaggo ta ce to a rage ludayi. Inna ta ce wannan ya fi muni, mutum ya biya ya tashi bai ƙoshi ba, gobe ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa na kusa da shi. Inda aka tsaya: farashi da ludayi suna nan, nama ya zama daban, mai so ya ƙara kuɗi. Aka ƙara dambu da zogale, tunda zogalen Jiratawa na kusa kuma yana da sauƙi. Ina ganin Inna ce ke da gaskiya, ko da yake ribar ta yi siriri ƙwarai.

Littafin bashi ya fara kauri. Na ware shafi ga kowane mai ci, na sa iyaka. An biya matan asusu kashi biyu cikin uku.

16 ga Janairu, 2022

An ce sabon nau'in cutar, Omicron, ya ƙara yawan masu kamuwa, musamman a Yamai. Kwana biyu gabanmu na faɗuwa kada a sake rufe hanya. Ba a rufe ba. Sanyi ya kawo kabeji da tumatir da albasa da araha daga lambunan gulbi, miya ta yi daɗi, salak ya dawo. Mun sayi tukunyar gaz ƙarama don ɗumame da soye-soye, itace ya tsaya ga babbar tukunya kawai. An gama biyan asusu, saura rabin hayar Alhaji.

27 ga Maris

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 24 ga Fabrairu, fulawa da man girki suka ƙara tashi. Mai shayin da ke gefenmu ya ce burodi ya ƙanƙance a hannunsa. Mu taliya muka rage, muka koma sayen man gyaɗa kai tsaye daga matan da ke matsa shi a unguwa, muna haɗawa da ƙuli. Darajar naira ma ta faɗi a kan sefa, direban Katsina idan ya canza kuɗinsa sai ya ga farantinmu ya yi masa tsada, wasu da guzurinsu suke zuwa.

Mutane na tambayata ko sana'ar ta warke daga korona. Abin da nake gani a littafi shi ne, kamar mai jinya ne da ya tashi daga zazzaɓi, bai gama maida jiki ba aka ɗora masa buhu. Cutar ta cinye jari da ajiya, ta bar bashi, sai fari da tsada suka tarar da mu babu abin tare su. A shekarun baya irin wannan tsada da Inna ta shanye ta da abin da ta tara.

Azumi na ƙaratowa. Za mu rufe da rana, mu koma kunu da ƙosai da abincin buɗa-baki, da na sahur ga direbobin da ke kwana a tasha.

25 ga Afrilu

A ƙarshen makon da ya wuce hukumar kwastan ta Najeriya ta ba da sanarwar buɗe Jibiya, tare da Kamba da Idiroko da Ikom. Tasha ta ɗauki murna, ƴan kamasho har da kabbara. Shekara biyu da wata takwas ke nan. Ba a ɗage haramcin shigar da shinkafa ta ƙasa ba, kuma matsalar ƴan bindiga a yankin iyaka tana hana tafiyar dare, don haka ban ce komai zai koma yadda yake ba. Amma wannan ita ce ranar da muka daɗe muna jira, kuma na yi farin ciki har cikin raina.

Ana ta maganar jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021. Idan Allah ya sa ya iso, zai kawo baƙi, masu abinci kuma za su samu. Sai dai ba da shi zan yi lissafin bana ba.

22 ga Mayu

Bayan Salla mun kai tiya bakwai a ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a, biyar a sauran ranaku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin daga kai abinci yake fitowa, abin da babu shi sam kafin annoba. An biya Alhaji sauran hayarsa. An sayi tukunya ta biyu, ta hannu, mai kyau. Cikin gidajen abincin da na tarar a rufe bara, wasu sun buɗe da ƙaramin ƙarfi kamar mu, wasu an mayar da su shagon cajin waya ko na sayar da kayan babur, masu su sun bar sana'ar.

Abin da ke gabanmu kafin ruwa ya sauka: a ɗaga daɓen rumfa don kada ruwan titi ya shigo, a sayi masara da wake a ajiye kafin tsadar damina, a ɗauki mace ɗaya ta taimaka wa Gwaggo da tuƙi. Inna ta amince a riƙa ware ribar yini ɗaya a mako a zuba a asusu, ba za a taɓa ba sai in hanya ta sake tsayawa. Na kuma karɓo jerin takardun da ake buƙata don yin rajistar kasuwanci da sunanta. Ta ce tana tsoron haraji ya biyo baya, don haka ranar Alhamis za mu je tare da Yaya a yi mata bayanin nawa ne a shekara kafin ta sa hannu.